Kimiyya a Cikin Tukunya: Darasin Ilmin Halittu Daga Romon Wantan na Ƙasar Sin

Gabatarwa

Duk shekara idan na zauna duba takardun jarrabawar sababbin ɗalibai, nakan ci karo da abu guda. Ɗalibi zai rubuto ma'anar furotin tiryan-tiryan kamar yadda take a littafi, ba ragi ba ƙari. Amma in aka tambaye shi dalilin da ya sa farin ƙwai ke daskarewa in ya ji wuta, ko abin da ke sa romon ƙafar saniya ya kame in ya kwana a cikin sanyi, sai ya rasa ta cewa. Ya haddace kalmar, amma bai taɓa gane ta a cikin abincin da yake ci kullum ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka darasinmu na wannan fitowa zai bar allo ya shiga ɗakin girki.

Abincin da muka zaɓa shi ne romon wantan na mutanen ƙasar Sin. Mun zaɓe shi ne domin a cikin kwano guda ya tara sitaci da furotin iri-iri da kitse da ganye, kuma kowane mataki na dafa shi yana da dalilin da kimiyya ta bayyana. Za mu bi girkin daki-daki, muna tsayawa a kowace gaɓa mu tambayi kanmu abin da ke faruwa a cikin tukunya.

Mene ne Wantan?

Wantan ɗan ƙunshi ne na kwaɓaɓɓen garin alkama da aka murza ya yi fele-fele, aka zuba niƙaƙƙen nama a tsakiyarsa, aka naɗe, aka dafa a ruwa, sa'an nan aka tsoma shi a cikin romo mai haske. Sunan ya fito ne daga harshen mutanen lardin Guangdong da Hong Kong, a kudancin Sin, inda ake rubuta shi da haruffa biyu masu ma'anar haɗiyar gajimare, saboda yadda gefen kwaɓin ke yawo a cikin romo kamar gajimare a sararin sama. A harshen Mandarin ana ce masa huntun, a lardin Sichuan kuwa chaoshou, wato naɗe hannuwa. A yawancin sassan Sin da naman alade da jatan lande ake cika shi. Musulmin ƙasar, irin su al'ummar Hui, da naman sa ko na rago suke yin nasu. Mu a nan da naman kaza ko na rago za mu yi aiki.

Ita alkama ba 'yar asalin Sin ba ce. An fara noma ta a yankin Gabas ta Tsakiya kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, ba ta isa Sin ba sai wajen shekaru 4,000 zuwa 4,500 da suka wuce. A zamanin daular Han, daga shekarar 206 kafin Miladiyya zuwa 220 Miladiyya, dutsen niƙa mai juyawa ya yaɗu, garin alkama ya wadata, abincin kwaɓi ya samu gindin zama. Masu tonon kayan tarihi sun samu busassun ƙunshe-ƙunshen kwaɓi a maƙabartar Astana kusa da Turpan, a yankin Xinjiang, na zamanin daular Tang wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907. Abin da ya hana su ruɓewa fiye da shekara dubu shi ne bushewar iskar hamada, domin ƙananan halittun da ke ruɓar da abinci ba sa iya aiki in babu danshi. Wannan shi ne sirrin da ke sa kilishi ya daɗe bai lalace ba.

Kayan Haɗi

Abin da za a lissafa zai ba da wantan kimanin 40, wato abincin mutum biyar ko shida.

Na romo: ƙasusuwan kaza da wuya da fukafukai da ƙafafu kilo 1, ruwa lita 2 da rabi, ɗanyar citta mai tsawon ɗan yatsa, ganyen albasa, busasshen kifi kaɗan, gishiri.

Na kwaɓi: fulawa giram 200, ƙwai 1, ruwa mililita 60, gishiri rabin ƙaramin cokali, garin sitaci na barbaɗawa.

Na ciki: niƙaƙƙen nama mai ɗan kitse giram 250, ɗanyen jatan lande da aka ɓare giram 100, gishiri rabin ƙaramin cokali, baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya babban cokali 1, man riɗi ƙaramin cokali 1, gurzajjiyar citta, farin masoro, yankakken ganyen albasa. Inda ba a samun ɗanyen jatan lande sai a ƙara nama, a zuba dakakken busasshensa cokali guda.

Mataki na Ɗaya: Romo da Furotin na Jijiya

Da romo ake farawa, domin shi ya fi cin lokaci. A zuba ƙasusuwa a tukunya, a rufe su da ruwa, a bari su tafasa na minti biyu ko uku, a zubar da wannan ruwan, a wanke ƙasusuwan. Sa'an nan a mayar da su cikin ruwa mai sanyi lita 2 da rabi tare da citta da ganyen albasa da busasshen kifi. Da zarar ya fara tafasa sai a rage wuta, ya riƙa ɗan motsi a hankali har tsawon sa'a 2, ana kwashe kumfar da ke tasowa. A ƙarshe a tace, a sa gishiri.

Kumfar nan mai launin toka da ke taruwa a saman tukunya furotin ne na jini da na ruwan tsoka. Kowane furotin sarƙa ce ta ƙananan tubala da ake kira amino asid, wadda ta nannaɗe kanta ta ɗauki wata siffa ta musamman. Zafi yana girgiza sarƙar har ta warware, warwararrun sarƙoƙin kuma su sarƙe da juna su zama gudaji. Abin da ke faruwa ga farin ƙwai a kasko ke nan. Tafasar farko da aka zubar ta kawar da mafi yawan waɗannan gudaji, shi ya sa romon ke fita garau.

Akwai wani furotin da zafi ke yi wa aiki ta wata fuska daban, shi ne kolajin. Shi ne furotin mafi yawa a jikin dabbobi masu shayarwa, ya kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na dukan furotin ɗin jiki, kuma shi ne ginshiƙin fata da jijiya da guringuntsi da ƙashi. Siffarsa kamar igiya ce mai tufka uku. Idan ya daɗe a cikin ruwa mai zafi, tufkar takan kwance, zaren ya rabu ɗai-ɗai ya narke a cikin ruwa. Wannan narkakken zare shi ne jelatin. In romo ya huce, zaren yakan sake kama juna ya yi raga mai riƙe ruwa, sai romon ya kame. In aka ɗumama shi zuwa wajen digiri 35 a ma'aunin Selshiyos, ragar ta sake saki. Da yake zafin bakin mutum ya kusa digiri 37, jelatin a kan harshe yake narkewa, abin da ke ba romo kauri da santsi. Ƙafar kaza da fukafukai sun fi tsokar ƙirji yawan kolajin, shi ya sa aka fi son su a romo.

Me ya sa ake rage wuta? Kitse da ruwa ba sa gauraya, kitse kan taso sama ne a kwashe shi. Amma in tukunya tana tafarfasa da ƙarfi, motsin ruwan yakan farfasa kitsen ya zama ƙananan ɗigo-ɗigo, jelatin ya lulluɓe su ya hana su sake haɗuwa, romon ya yi fari kamar madara. Masu girkin Sin sukan yi haka da gangan in farin romo suke so, amma na wantan mai haske ake buƙata. Gishiri kuwa ana jinkirta shi ne saboda ruwa na raguwa ta hanyar tururi, shi kuma gishiri yana nan bai tafi ko'ina ba. Wanda ya daidaita shi tun farko zai tarar ya yi yawa a ƙarshe.

Mataki na Biyu: Kwaɓi da Sirrin Alkama

Yayin da romo ke kan wuta, a haɗa fulawa da gishiri, a fasa ƙwai, a zuba ruwa, a cuɗa na minti 10 har kwaɓin ya yi sumul. Zai yi tauri fiye da na fanke, haka ake so. A rufe shi, a bar shi ya huta na minti 30 zuwa sa'a guda. Daga nan a raba shi huɗu, a barbaɗa sitaci a kan tebur, a murza kowane kashi da sandar murji ko tsabtatacciyar kwalba har ya zama ana hango inuwar yatsa ta cikinsa. Wanda ke da injin murza taliya aikin ya zo masa da sauƙi. A yanka shi murabba'i-murabba'i, kowane gefe santimita 8.

Mai karatu ya taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa ake murza kwaɓin alkama ya yi siriri bai yage ba, alhali na gero ko dawa ko masara ba ya yarda? Garin alkama yana ɗauke da furotin kimanin kashi 8 zuwa 14 cikin ɗari, kuma mafi yawansa iri biyu ne: giliyadin da gulutenin. In gari yana bushe, kowanne yana zaman kansa. Da zarar ruwa ya shiga aka fara cuɗawa, sai su haɗu su zama wata raga mai danƙo da ake kira gulutin. Gulutenin dogayen sarƙoƙi ne da ke ɗaure da juna ta mahaɗar sinadarin farar wuta, su ke ba kwaɓi ƙarfi da halin komawa in an ja shi. Giliyadin kuwa ƙanana ne dunƙulallu, suna zamewa a tsakanin dogayen, su ke ba shi damar miƙewa. Furotin ɗin gero da dawa da masara ba sa yin irin wannan raga a cikin kwaɓi. Ita ce ke riƙe iska a cikin gurasa da alkubus, ita ce kuma ke hana taliyar murji tsinkewa. Wani masani ɗan Italiya mai suna Jacopo Beccari, na birnin Bologna, ya ware gulutin a shekarar 1728 ta hanyar wanke kwaɓi da ruwa, irin gwajin da za mu bayar a ƙarshen darasi.

Hutun da ake ba kwaɓi yana da dalili biyu. Na farko, ruwa yana samun lokacin ratsa kowace ƙwayar gari. Na biyu, ragar da cuɗawa ta ɗaɗɗaure tana sassautawa. Wanda ya yi gaggawar murzawa zai ga kwaɓin yana tsukewa yana komawa duk lokacin da ya ɗaga sanda. Gishiri yana ƙara wa ragar ƙarfi. Sitaci kuma ake barbaɗawa maimakon fulawa domin ba shi da gulutin, ba zai manna fallayen da juna ba.

A Guangdong da Hong Kong akan zuba wa kwaɓin taliya da na wantan wani ruwa mai ɗauke da sodiyam kabonet da fotasiyam kabonet. Wannan ruwa ɗan uwan ruwan kanwa ne, domin kanwa ma akasarinta gishirin kabonet ne na sodiyam. Yana ƙara wa kwaɓi tauri da santsi, yana kuma sa wasu sinadaran launi da ke ɓoye a cikin gari su bayyana, kwaɓin ya koma rawaya ko da ba a sa ƙwai ba.

Mataki na Uku: Haɗin Ciki

A yanka jatan lande ƙanana-ƙanana. A zuba gishiri da ruwan soya a kan niƙaƙƙen nama, a riƙa juyawa da ƙarfi na minti uku ko huɗu, ana ɗiga ruwa mai sanyi babban cokali biyu, har naman ya yi danƙo yana kama jikin kwano. Sa'an nan a zuba sauran kayan, a ajiye a wuri mai sanyi.

Tsoka ta ƙunshi zare-zare na furotin biyu da ke jan juna lokacin da dabba ke motsi, wato aktin da mayosin. Mayosin ba ya narkewa sosai a ruwa zalla, amma yana narkewa a ruwan gishiri. Gishiri da juyawa suna fito da shi daga cikin tsoka ya lulluɓe gutsattsarin naman. In ya ji zafi, daga wajen digiri 40 zuwa 50, sai ya fara daskarewa ya ɗaure nama da ruwa da kitse wuri guda. Shi ya sa haɗin da aka juya sosai ke fita dunƙule mai laushi, wanda ba a juya ba kuwa ya wargaje ya bushe. Masu girkin Sin sukan ce a juya ta fuska ɗaya kawai. Abin da ya fi muhimmanci dai shi ne gishiri da yawan juyawa da sanyin naman, domin in ya ɗumama kitsen zai narke ya hana furotin kama juna.

Jatan lande ɗanye launin toka gare shi, dafaffe kuwa ja-ja. Launin jan yana nan tun farko, sunansa astazantin, sai dai wani furotin ne ya rungume shi ya sauya masa kama. Zafi ya warware furotin ɗin, launin ya fito fili.

Citta da masoro suna sa baki ya ji ɗumi ko da abinci ya huce. Sinadarin jinjarol na citta da fiferin na masoro suna taɓa wata ƙofa a jikin jijiyoyin baki wadda aikinta na asali shi ne sanar da ƙwaƙwalwa cewa zafi ya haura digiri 43. Ita ce kuma yajin barkono ke taɓawa. Masani David Julius da abokan aikinsa ne suka gano ta a 1997 a Amurka, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian.

Mataki na Huɗu: Naɗi da Dafuwa

A ɗora falle guda a tafin hannu, a sa haɗi cikin ƙaramin cokali a tsakiya, a shafa ruwa a gefuna da yatsa, a ninka ya zama mai kusurwa uku, a matse iska ta fita, a danne bakin. Sai a jawo kusurwoyi biyu na ƙasa a haɗe su. Ruwan da aka shafa yana jiƙa sitaci da gulutin na fuskokin biyu su manne. Iskar da aka bari a ciki za ta kumbura in ta ji zafi, tana iya fasa ƙunshin. Fallayen da ba a kai gare su ba a rufe su da tsumma mai danshi, musamman da hunturu, domin siririn kwaɓi nan da nan yake bushewa ya tsage.

A tafasa ruwa mai yawa a wata tukunya daban, a zuba wantan goma-goma, a ɗan motsa don kada su kama ƙasa. Ba a dafa su a cikin romo, saboda sitacin da ke jikinsu zai gurɓata shi. Ƙwayoyin sitacin alkama sukan fara shan ruwa su kumbura daga wajen digiri 55 zuwa 65, wasu su fashe su saki abin da ke cikinsu. Wannan ne ke mayar da farin kwaɓi ya zama mai laushi da sheƙi, shi ne kuma ke sa koko ya yi kauri in an zuba wa gasara tafasasshen ruwa.

Bayan kimanin minti uku za a ga wantan sun taso sama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tukunyar ɗanwake ya san wannan alama. Ɗanyen ƙunshi ya fi ruwan da ya kai girmansa nauyi, sai ya nutse. Da ya yi zafi, ragowar iska da tururin da ke ciki suka buɗe, sitaci ya kumbura, girmansa ya ƙaru fiye da yadda nauyinsa ya ƙaru, sai ruwa ya ɗaga shi. Amma a lura: tasowa shaida ce cewa kwaɓi ya kumbura, ba shaida ba ce cewa naman tsakiya ya nuna. A ƙara musu minti biyu, a tsamo guda a yanka a duba. Zafi a hankali yake ratsawa daga waje zuwa ciki, kuma in kaurin abu ya ninka sau biyu, lokacin da zafi zai ɗauka ya kai tsakiya yakan ninka kusan sau huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa ba a cika haɗi da yawa.

A ƙarshe a tsoma ganye, kamar kabejin Sin ko alayyafo, a ruwan zafi na minti guda. Koren launin ganye, wato kulorofil, yana da ƙwayar maganiziyam a tsakiyarsa. In dafuwa ta yi tsawo, tsamin da ke fita daga ganyen yakan tumɓuke ta, koren ya dushe. A jera wantan da ganye a kwano, a kwarara romo mai zafi, a ɗiga man riɗi, a barbaɗa ganyen albasa.

Ɗanɗano na Biyar

Tsofaffin littattafai sun ce harshe ɗanɗano huɗu ya sani: zaƙi, tsami, ɗaci da gishiri. A 1908 wani masanin sinadarai na Jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tsamo gulutamet daga wani ganyen teku da Japanawa ke romo da shi, ya ce shi ne tushen wani ɗanɗano na daban da ya raɗa wa suna umami. A 1913 ɗalibinsa Shintaro Kodama ya gano wani sinadarin mai irin wannan aiki, inosinet, a cikin busasshen kifi. Daga baya Akira Kuninaka ya nuna cewa in an haɗa biyun, ɗanɗanon yakan ninka sau da dama fiye da jimlar kowanne shi kaɗai. A 2002 aka tabbatar da furotin biyu da ke kan harshe masu karɓar wannan saƙo.

Romon wantan ya dace da wannan ƙa'ida: ruwan soya ya kawo gulutamet, kaza da busasshen kifi suka kawo inosinet. Gulutamet na ruwan soya ya samu ne daga aikin wata fumfuna, Aspergillus oryzae, wadda ke farfasa furotin ɗin wake da alkama. Haka bakteriyar Bacillus subtilis ke yi wa kalwa ta zama daddawa. Uwar gidan da ta haɗa daddawa da busasshen kifi a miya, da mai girkin Guangzhou, ƙa'ida guda suke bi ba tare da sun san juna ba.

Hattara da Abin da Ido Ba Ya Gani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta, a rahoton da ta fitar a 2015, cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo a shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu kuma su rasu. Niƙaƙƙen nama yana cikin abincin da ke buƙatar kulawa ta musamman. A kan tsokar da ba a yanka ba, bakteriya a waje suke, wuta na saurin cin musu. Niƙa kuwa yana cusa su ko'ina har tsakiya. Don haka ake so tsakiyar niƙaƙƙen naman sa ko rago ya kai digiri 71, na kaza digiri 74.

Bakteriya sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60. In yanayi ya yi musu daɗi, wasu sukan rabu biyu duk minti 20. Ƙwaya ɗaya tak za ta zama 8 bayan sa'a guda, 512 bayan sa'a uku, fiye da miliyan 2 bayan sa'a bakwai. Saboda haka kada haɗin nama ko naɗaɗɗen wantan ya wuce sa'a 2 a waje, in kuwa ana tsananin zafi, sa'a 1. Romo ma bai tsira ba, domin akwai bakteriya irin Clostridium perfringens da ke ɓuya a cikin ƙoƙo mai jure tafasa, su farka su hayayyafa yayin da babbar tukunya ke hucewa a hankali. A raba ragowar romo a ƙananan kwanoni ya huce da wuri, a sa a firij, a sake tafasa shi sosai kafin a sha. A wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu bayan an taɓa ɗanyen nama.

Akwai kuma mutanen da wannan abinci bai dace da su ba. Kimanin mutum 1 cikin 100 na da wata cuta da gulutin ke sa garkuwar jikinsu ta lalata bangon ƙaramin hanji. Likitan yara ɗan ƙasar Holand, Willem Dicke, shi ya danganta ta da alkama a shekarun 1940. Wasu kuma jikinsu ba ya karɓar jatan lande, har yakan kai ga kumburi da sarƙewar numfashi. Mai hawan jini ya tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, ruwan soya kuwa gishirinsa na da yawa.

Gwaje-gwaje Don Aji

Gwaji na ɗaya: a kwaɓa fulawa babban cokali huɗu, a kwaɓa garin masara daidai wannan awo. A jiƙa kowane curi a ruwa na minti 30, sa'an nan a riƙa matsa shi a hankali a cikin ruwan. Na masara zai watse. Na fulawa zai bar wani abu mai danƙo kamar roba, shi ne gulutin. A ɗiga ruwan aidin a farin ruwan da ya fita: zai koma shuɗi mai duhu, alamar sitaci.

Gwaji na biyu: a dafa ƙafafun kaza da ruwa kaɗan na sa'a 2, a tace, a bari romon ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a raba shi kofi uku. A bar na farko haka nan, a sa ɗanyar abarba a na biyu, dafaffiyar abarba a na uku, a ajiye duka a firij. Na farko da na uku za su kame, na biyu ba zai kame ba, domin ɗanyar abarba na da inzayim mai yanka sarƙar jelatin, dafuwa kuwa ta warware shi.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin abin da zafi ke yi wa farin ƙwai da abin da yake yi wa kolajin.
2. Garin wake da na rogo ba su da gulutin. Me ke riƙe ɗanwake ya hana shi watsewa a tukunya?
3. In bakteriya 100 suna cikin haɗin nama, suna rabuwa duk minti 20, nawa za su zama bayan sa'a 2?
4. A gwaji na biyu, mene ne amfanin kofi na farko?

Kammalawa

Mun ga furotin a fuskoki da dama: mai narkewa ya ba romo kauri, mai saƙa raga a cikin kwaɓi, mai ɗaure nama, mai ɓoye launi, da mai karɓar ɗanɗano a kan harshe. Duka sarƙoƙin amino asid ne, bambancinsu yana ga jerin tubalan da yadda suka nannaɗe. Muna kira ga malamai, musamman na makarantun da ba su da isassun kayan ɗakin gwaji, da su jarraba waɗannan gwaje-gwaje biyu da ɗalibansu. Ɗalibi kuma in ya koma gida, ya tsaya kusa da murhu ya lura, ya rubuta abin da ya gani, ya zo wa malaminsa da tambaya. Muna maraba da sakamakon da kuka samu da amsoshinku ta hannun edita.